Sanda Muke Roƙo, Amma Ba Ta Duka Ba

A fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin ci gaba da maganar ƙarancin allo da alli a makarantunmu. To, sai ku yi mini afuwa, wannan magana za ta jira wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Dalili kuwa shi ne wani saƙon murya da ya shigo wayata daga ƙasar Masar, wanda tun da na saurare shi ya hana ni sakat.

Mai saƙon ɗan yayata ne. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya same shi a Hartum, ya bi ayarin masu gudu zuwa arewa, yanzu yana zaune a unguwar Faisal ta Jiza, inda 'yan Sudan suka yi yawa kai ka ce Umdurman aka ɗauko aka ajiye. Aikinsa a wani shago ne can tsakiyar Alƙahira. Bayan gaisuwa da tambayar mahaifiyarsa, sai ya ce: "Kawu, ka san abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan? Ba dalar Fir'auna ba ce, ba kuma dogayen benaye ba. Jirgin ƙasa ne wanda ba mai tambayar yaushe zai zo." Ya ce kullum da safe yana takawa zuwa tashar Faisal, ya yanki tazkara, ya wuce ta ƙofar ƙarfe, kafin ya gama gyara jakarsa a kafaɗa jirgi ya tsaya a gabansa. In wannan ya cika bai damu ba, domin wani yana tafe a bayansa cikin 'yan mintoci. Akwai ma taragun da aka keɓe wa mata, ɗaliba ta shiga ba mai matse ta. Ya ce tun da ya kama aikin nan bai taɓa ce wa mai shago mota ce ta makarar da shi ba, don ko ya faɗa ba wanda zai yarda.

Wannan jirgi shi suke kira metiro. An buɗe layinsa na farko a 1987, shi ne kuma irinsa na farko a Afirka baki ɗaya, yana kuma tafiya daga Hulwan a kudu zuwa Marj a arewa, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai. Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan shi ne, mafi yawan wannan layi na farko ba sabo ba ne. Tsofaffin layukan dogo guda biyu ne da ke kai mutanen bayan gari cikin birni, aka haƙa rami a ƙarƙashin tsakiyar Alƙahira aka haɗa su. Wato abin da suke da shi suka gyara.

Da na ajiye wayar sai na tuna tawa safiyar. Shekara huɗu na yi ina koyarwa a wata makarantar ƙauye tsakanin Sinja da Sinnar, alhali iyalina suna Sinja. Ina idar da sallar asuba na nufi tashar mota. In ka tambayi kumsari yaushe hafla za ta tashi, amsarsa ɗaya ce tun ina yaro har yau: "Sai ta cika." Wata rana ta cika cikin minti goma, wata rana ka zauna har rana ta ɗaga kana kallon kujera biyu da suka rage kamar ka saye su da kuɗinka, wani lokaci ma haka ake yi, a yi karo-karo a biya kuɗin kujerar da ba kowa. In man fetur ya yi wuya kuɗin mota ya ninka tsakanin safe da yamma, wanda ya fito da kuɗin zuwa da dawowa ya tarar na zuwa kawai ke gare shi. Daga bakin kwalta zuwa makaranta kuma da damina laka ce baƙa, irin wadda take cire wa mutum takalmi ta riƙe. Sau nawa na iso darasin farko ya wuce, yara suna wasa a fili, ni da ya kamata in hore su a kan makara ni ne na makara? Da wane baki?

A nan bambancin yake, jama'a. Mota tana jiran cika, jirgi yana bin agogo. Mai albashi da ɗalibi da mai kai tumatir kasuwa ba gudun abin hawa ne ya dame su ba. Abin da suke bukata shi ne su san cewa ƙarfe shida da rabi yana nufin ƙarfe shida da rabi, yau da gobe da jibi.

Ba don kaina kaɗai nake wannan kuka ba. A waccan makaranta na koyar da wata yarinya da ban taɓa ganin mai kan lissafi irin nata ba. Ta ci jarrabawa, ta sami gurbi a makarantar sanawi ta 'yan mata da ke cikin gari. Na je har gida na sami mahaifinta a kan tabarma, ya tarbe ni da shayi, ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ce: "Ustaz, wallahi ba ƙin karatu nake yi ba. Kuɗin mota kullum ba ni da shi. In ma na samu, wa zai tabbatar mini za ta dawo kafin magariba? Ba ni da ɗan'uwa a gari da zan ajiye ta wurinsa, dahiliyya kuma babu." Ban sami abin ce masa ba. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura mata aure. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, lokacin da muke wannan magana, ga layin dogo can muna hangensa daga ƙofar gidan, awaki suna kiwo a kansa.

To, me ya sa ƙasar da ta taɓa mallakar layin dogo fiye da kilomita 4,500, ɗaya daga cikin mafi tsawo a Afirka, ta kasa kai yarinya makaranta? Amsar tana cikin tarihin layin kansa. Ba don mu aka shimfiɗa shi ba. Sojojin Kicina ne suka ja shi daga Wadi Halfa ta cikin hamada, ya isa Abu Hamad a 1897, Atbara a 1898, Bahri a ƙarshen 1899, kuma abin da ya fara ɗauka bindigogi ne da abincin soja. Tashoshin da ke cikin waccan hamada ko suna ba su samu ba, sai lamba, Mahatta Ta Shida da sauransu, domin ba mutane aka yi wa su ba, an yi su ne don inji ya sha ruwa, jirage kuma su kauce wa juna. Bayan soja sai fatauci. Layin ya iso Madani da Sinnar a 1909, ya haye Farin Nilu a Kosti ya nufi Al-Ubayyid don ƙaro. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, sai auduga ta zama sarauniya, har ƙaramin layi nata na kanta aka yi mata a cikin gonaki wanda ke kai ta injinan gurza. A 1929 aka haɗa Sinnar da Gadarif da Kasala, jirgi yana bi ta kan madatsar ya wuce Suki, duk dai hanyar kai kaya bakin teku ce. Namu reshen, wanda ya bar Sinnar ya biyo ta Sinja zuwa Damazin, sai a 1954 aka gama shi.

Iyayenmu da kakanninmu suna cikin waɗanda suka tsinci audugar nan suka yashe magudanan ruwanta. Auduga ta sami jirgi, mai tsinkarta yana tafiya a ƙasa.

Bari in ɗan ratse kaɗan, domin akwai abin da ke ba ni mamaki kullum. Faɗin layinmu ƙafa 3 ne da inci 6, daidai da faɗin layin da ya isa Kano a 1911. Namu ya miƙa yamma har Niyala a 1959, nasu ya miƙa gabas har Maiduguri a 1964, amma ba su taɓa gaisawa ba, ƙasar Cadi ta raba su. Wannan ratar ita ce alhazan da suka taka da ƙafa, da jaki, daga baya da lori, har su iso inda za su ga jirgin da zai kai su bakin teku su haye zuwa Jidda. Da yawa guzuri ya ƙare musu a hanya suka tsaya neman na gaba, ga mu nan jikokinsu muna rubutu a mujalla. Mutanen Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda aka kashe a Burmi a 1903, su sun ma riga layin isowa wannan yanki, domin tun wajen 1906 suka sauka a bakin kogin nan.

Kada wani ya ce jirgin zuwa aiki baƙon abu ne a Sudan. Hartum ta yi taragon cikin gari tun farkon ƙarnin da ya wuce, da farko mai tururi, daga baya mai lantarki, wanda ya riƙa hayewa zuwa Umdurman bayan an gama gadar Farin Nilu a 1928. An tsayar da shi a 1962. Amma je ka Bahri ko Umdurman ka tambayi Mahatta Wusta, ƙaramin yaro zai nuna maka. Shekara 60 da ɗoriya ba tarago, sunan tasharsa bai mutu ba, kasuwa da shaguna da motoci duk sun taru a inda yake tsayawa a da. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da tasha take yi wa wuri.

Da wannan tunani na je wurin wani dattijo maƙwabcinmu, Bahaushe, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin darisa, wato masu bin layi suna gyaran ƙarfe da katako, suna kwana a ɗakunan nan masu tsinin kai na sikka hadid da har yau ake ganin kufansu. Na kunna masa saƙon ɗan yayata. Ya saurara, ya yi dariya, ya ce: "Malam, ku 'yan boko kun cika son babban abu. Wa zai haƙa muku rami a Sinja? Ku nemi sanda." Na ce: "Baba, sanda kuma? Ai mun sha ta isa." Ya ce ba ta duka ba. A bakin ma'aikatan jirgi, sanda ita ce wurin da jirgi yake ɗan tsayawa minti ɗaya ko biyu, ba nazir, ba ofis, ba dogon gini, sai allo mai sunan wurin da ɗan dandamali, mutane su sauka wasu su hau, ya wuce.

Ya ba ni labarin jiragen zamaninsu. Akwai iksibires na manya, mai ɗakin kwana da ɗakin cin abinci, wanda ba ya kallon ƙananan tashoshi. Akwai mushtarak, mai jan kaya da mutane tare. Akwai kuma mahalli, jirgin talakawa, wanda ba ya wuce kowa. Daraja huɗu ce, ta huɗun benci ne na katako, wanda kuma bai da ko kuɗin wannan sai ya hau rufi. Ya ce a daraja ta huɗu ya koyi zama da mutane, domin a benci ɗaya za ka ga Bahaushe da Bafulatani da Baja'ale da mutumin Funj, kowa ya kwance ƙunshin guzurinsa an ci tare, kafin a kai Sinnar Takatu an san sunan 'ya'yan juna.

Ya kuma yi mini bayanin abin da ban sani ba, wanda ya kamata duk mai son yin wannan roƙo ya sani, don kada a mayar da shi wawa a ofis. Layinmu guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa a kansa suke bi. Saboda haka direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai nazir ya miƙa masa wani ƙarfe da suke kira tablet, wanda shi ne shaidar cewa ba wani jirgi a wannan tsakani, in ya isa tasha ta gaba ya miƙa shi ya karɓi wani. Jirage biyu ba sa wuce juna sai a tashar da take da layin kaucewa. Ma'ana, in jirgin kaya ya makara, na mutane ya zauna jiransa. Don haka jirgin safe ba zai yi amfani ba sai an ba shi lokacinsa a rubuce, an ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza hanya tasa ce, na kaya ya jira. Sanda ita kanta ba ta da tsada. Lokacin shi ne abin da za a yi ciniki a kansa.

Yadda aka yi muka rasa ko mahallin ma, manyanmu sun san shi. Kwaltar Hartum zuwa Bur Sudan da aka gama a 1980 ta janye kaya zuwa manyan motoci. A 1981 ma'aikatan jirgi suka yi yajin aiki, shugaba Numairi ya rushe ƙungiyarsu, wadda ta samo asali a Atbara tun 1946, aka kori da yawa. Bayan 1989 aka sake korar wasu ƙwararrun da sunan maslahar jama'a. A 1997 Amurka ta ƙaƙaba takunkumi, kayan gyaran injinan da aka sayo daga can suka gagara samu, har zuwa 2017 da aka ɗage shi. Inji ya lalace a ciro na wani a sa masa, har aka wayi gari na cirowa ma babu. Reshe irin namu, wanda ba shi ne hanyar teku ba, shi ya fara jin jiki. Ni dai na tashi na tarar da kukan jirgi yana raguwa a Sinja shekara bayan shekara, 'ya'yana kuwa a littafi suka fi saninsa.

An ɗan yi yunƙuri daga baya. A 2014 aka fara Jirgin Nilu, wanda aka sayo daga ƙasar Sin, tsakanin Hartum da Atbara, bayansa aka sa Jirgin Jazira zuwa Madani. Duk wanda ya hau su kafin yaƙi zai gaya maka yadda mutane suke rububin tazkara. Wannan ya ƙaryata masu cewa 'yan Sudan sun daina son jirgi. Amma ka lura, nan ma daga babban gari ne zuwa babban gari, kuma kudu da Madani ba mu gani ba. A Nijeriya ma, tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, unguwar Rigasa da aka ajiye tashar a cikinta, wadda a da ba mai zuwa sai da dalili, ta zama wurin da manyan ma'aikata suke sammako su je. Inda aka ce jirgi ya tsaya, nan arziki yake sauka.

Yanzu ga abin da nake gani, kuma ra'ayina ne, wanda ya fi ni sani ya gyara mini. Sinja ce hedkwatar jiha tun 1994, ofisoshi suna nan. Sinnar kuma ita ce babbar kasuwa da mahaɗar hanyoyi. Tsakaninsu tafiyar kilomita 60 da wani abu ce, ga Mai Wurno a hanya, ga ƙauyuka jere a bakin kogi, ga lambunan ayaba da mangwaro. Kudu da mu ga Abu Hujar da Wad an-Nayyal. Kowace safiya mutane suna kwarara ta ɓangarorin biyu, malamai da ma'aikatan asibiti da ɗaliban jami'a da masu kifi da masu kayan miya. Ba metiro muke nema ba. Tarago biyu ko uku ne, su tashi da sassafe, su dawo bayan la'asar, su tsaya a kowane ƙauye mai makaranta ko kasuwa, da tazkarar wata mai rahusa ga ɗalibai, da tarago ɗaya na mata.

Na san abin da za a ce, domin a ɗakin malamai an riga an faɗa mini. Wani abokin aikina ya ce: "Ustaz, mutanen da yaƙi ya shigo garinsu a ƙarshen Yuni 2024, suka fita a ƙafa cikin ruwan sama, ba su fara dawowa ba sai bayan Nuwamba, suka tarar da gidaje ba ƙofa, asibiti ba magani, su kake yi wa zancen jirgi?" Gaskiya ya faɗa, ni ma ina cikin waɗanda suka fita, kuma ban ce a bar magani a sayi tarago ba. In aka ce in zaɓa yau, magani zan zaɓa. Amma Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Duk ƙasar da ta fito daga yaƙi sai ta zauna ta rubuta abin da za ta gyara, layin dogo kuma ba zai rasa shiga wannan takarda ba, domin shi ne hanya mafi araha ta ɗaukar dawa da riɗi da siminti. Injiniyoyi za su zo su auna, su rubuta inda jirgi zai tsaya. In aka rufe wannan takarda ba sunan ƙauyenku a ciki, to an koma gidan jiya, riɗi ya hau jirgi, mai nomansa yana ɗaga masa hannu.

Wani kuma ya ce direbobin hafla fa, da yawansu 'ya'yanmu ne, za a kashe musu sana'a. Ban yarda ba. Jirgi biyu a rana ba zai kwashe mutanen jiha ba, kuma duk wanda ya sauka a sanda yana bukatar raksha ko karo ya ƙarasa da shi gida. Ga mai shayi, ga mai agashe, ga mai godogodo, ga yarinya mai tallan ayaba. Wanda zai yi asara shi ne mai ninka kuɗin mota ran da ya ga mutane sun matsu, wannan kuwa ba zan yi masa kuka ba. Abin da ya fi ba ni tsoro dabam ne: a kawo jirgin da kiɗa da jawabi, wata shida ya fara makara, shekara guda ya tsaya don rashin wani ɗan ƙarfe. Jirgin da ba ya cika alkawari gara hafla da shi, domin ita ba ta taɓa yi maka alkawarin komai ba.

Akwai kuma wata magana da ba na son in taɓa, amma dole ce. Ba mu manta da abin da ya faru a jihar Nil Azrak a watannin Yuli da Oktoba na 2022 ba, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubban mutane suka bar gidajensu, da yawa a nan jiharmu suka sauka. Kalmar da ta fi ciwo a lokacin ita ce "baƙi", ana faɗa wa mutanen da kakanninsu suke kwance a maƙabartun ƙasar nan fiye da shekara 100. 'Yan'uwanmu da ke zaune a kambo-kambo na Jazira sun san wannan ciwo ta wata fuskar, domin wurin da takarda ba ta san shi a matsayin ƙauye ba, ruwa da makaranta da asibiti duk wuce shi suke yi. Allon sanda ƙaramin abu ne, ƙarfe ne da fenti. Amma sunan ƙauyenku ne a rubuce a kan hanyar gwamnati, cikin jadawalin gwamnati, kumsari yana kiransa da ƙarfi sau biyu a rana kowa yana ji.

Saboda haka nake roƙon kada mu kai wannan buƙata da sunan Hausawa. Layin bai san ƙabila ba, ya ratsa ta ƙofar kowa. In ƙauyenmu da na maƙwabtanmu suna iya tarayya a sanda ɗaya, to shehunan ƙauyukan biyu su sa hannu a takarda ɗaya, limamai biyu su yi sanarwa ran Juma'a ɗaya. Takardar da ta zo da hannun kowa ta fi wuyar jefawa a kwandon shara. Na roƙi edita a buga wannan magana a ɓangaren Larabci ma, don maƙwabta su karanta da kansu, kada su ji a bakin wani an ƙara mata gishiri.

Sai dai ofis ba ya jin "muna da yawa", lamba yake ji. Ga aikin da nake ba 'yan'uwana malamai, tunda mu ne masu alli. Kowa ya sa 'yan ajinsa na sama su tsaya a bakin hanya mako guda, daga asuba zuwa hantsi, su ƙirga mutum nawa suka bar ƙauyen, ina suka nufa, don me, nawa suka biya, ƙarfe nawa suka dawo. A ware ɗalibai dabam, mata dabam, masu zuwa asibiti dabam. A kuma rubuta yara nawa ne suka ci jarrabawar shiga sanawi amma suka zauna a gida saboda hanya, ba sai an sa sunayensu ba. A auna taku nawa ne daga masallacin Juma'a zuwa layin dogo. Darasin lissafi ne wanda ya fi na cikin littafi, ni na riga na fara da nawa ajin, kuma yaran da ba sa iya zama minti biyar a kan benci su suka fi kowa himma. Wanda ya gama ya aiko wa ofishin mujalla da sunan wannan fili, ni zan haɗa su wuri ɗaya, in buga muku abin da ya fito, sa'an nan mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, ta mahalliyya ko ta wilaya ko ta hukumar sikka hadid.

Da na gaya wa dattijon nan shirin, sai ya shiga ɗaki ya daɗe yana bincike, ya fito da wata tsohuwar tuta kore wadda asu ya cinye gefenta, ya ce ran da aka buɗe sandar shi zai ɗaga wa jirgin farko. Na ce: "Baba, Allah Ya kai mu, amma sai mun fara nema maka tabarau, kada ka ɗaga wa lorin gawayi." Ya ce in je in ji da yarana, shi kukan inji yake ganewa ba kamanninsa ba.

Sai wata mai zuwa, da maganar allo da alli in Allah Ya yarda.